Alli, Inuwa da Gunki

A hunturun bara, lokacin da hazo ke rufe duwatsun Garu har sai hantsi ya dubi ludayi kafin a ga kawunansu, ɗan ƙanena da ke koyon zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya zo mana hutu Dutse, ɗauke da wani littafi mai faɗin faifai da nauyin tubali, wanda ba kome a cikinsa sai hotunan zane-zanen da masu fasahar Turai suka yi da alli, ja da baƙi da fari, shekara ɗari uku zuwa ɗari huɗu da suka shige. Abin da suka zana kuwa mutum-mutumin dutse ne da na tagulla, irin waɗanda ke tsaitsaye a majami'un Katolika na birnin Rum: ga Nana Maryamu, ga Hawariyawan Annabi Isa, ga mala'iku da fukafukai, ga waliyyansu maza da mata. Muna zaune a zaure bayan la'asar yana buɗe mini shafi-shafi, sai maƙwabcinmu, wani dattijon malami da ya biya mini Ishmawi da Iziyya da Risala tun ina yaro, ya yi sallama ya shigo. Yaron ya yi wuf zai rufe littafin, kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunyar miya, amma Malam ya miƙa hannu ya ce a ba shi.

Ya daɗe yana duban shafi guda, inda aka zana wata mata da jan alli, mayafinta ya naɗe ya kwanto har ƙafa. Can sai ya juya littafin wajen ƙofa, ya ɗaga shi daidai idonsa, ya shafa takardar da babban yatsa kamar mai taya yadi a kasuwar Shuwarin, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan ba shi da inuwa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai inuwar ita ce duk abin da aka zana. In an cire ta, farar takarda ce za ta rage." Malam ya yi murmushi ya ce, "To, ka kawo mas'ala." Tun daga ranar nan nake juya zancen a raina, domin kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma a tsakanin gaskiyar dattijo da ta yaro akwai tambayar da ta girmi su biyun: shin zanen gunki shi ma gunki ne, kuma mene ne, alal haƙiƙa, yake mayar da dutse ko itace ko takarda abin bauta?

Kafin a shiga hukunci, ya kamata a san abin da za a hukunta. Nasara kansu ba su taɓa zama baki ɗaya a kan surori ba. Rumawan Gabas sun yi fiye da shekara ɗari suna farfasa su suna mayarwa, a tsakiyar rigimar kuma taron malamansu na Nikiya a shekarar 787 ya bambanta girmamawa da bauta, ya halatta ta farko ga sura, ya keɓe ta biyu ga Allah. Bayan ƙarnuka, da Furotesta suka ɓalle, sai rigimar ta sake tashi, har a watan Agusta na 1566 jama'a suka auka wa majami'un birnin Antuwap da gatura da igiyoyi suka kakkarya abin da suka tarar. Shekara uku kafin wannan, a watan Disamba na 1563, majalisar malaman Katolika da ta zauna a Tirento, arewacin Italiya, ta riga ta yanke cewa za a ci gaba da ajiye surori a wuraren ibada, ba don akwai allantaka a cikinsu ba, a cewarsu, sai don girman da aka yi wa sura yana komawa ga mai surar. Musulmin da ya karanta farkon Suratuz Zumar zai ji kunnensa ya motsa da wannan hujja, domin ya san waɗanda suka ce gumakansu tsani ne kawai na neman kusanci; amma adalci ya wajabta a ce su Katolika ba su yarda suna bauta wa dutsen ba, kuma 'yan'uwansu Furotesta ma sun jefe su da wannan tuhuma.

Daga wannan hukunci na Tirento ne fasahar da Turawa ke kira Barok ta sami gindin zama, wajen 1600 zuwa 1750, kuma manufarta ba ɓoyayya ba ce: a girgiza zuciyar mai kallo har ƙwalla ta zo masa. Gwaninta shi ne Bernini, wanda ya rayu daga 1598 zuwa 1680, kuma tsakanin 1647 da 1652 ya sassaƙa surar Teresa, wata mai zuhudu 'yar ƙasar Sifen, tana kishingiɗe a kan gajimaren dutse, bakinta a sake, idonta a lumshe, mala'ika na tsaye kanta da kibiya, haske kuma na zubo musu daga wata taga da ya ɓoye a sama don mai kallo ya zaci daga gaibu yake. Irin waɗannan ayyuka su ne samari masu koyon sana'a ke zuwa daga Faransa da Jamus da yankin Antuwap su zauna gabansu da takarda a cinya. Ƙa'idar koyon ita ce ɗalibi ya fara da kwafar zanen malaminsa, sa'an nan ya koma ga mutum-mutumi, wanda ba ya motsi ba ya gajiya, kana daga bisani a ba shi izinin zana mutum mai rai. Sarkin Faransa har makaranta ya buɗe a Rum a 1666 don wannan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ta yaye, Bouchardon, wanda ya zauna a birnin daga 1723 zuwa 1732, ya bar tulin zane-zanen jan alli da har yau ake ajiye da su a Faris.

Allinsu ba irin na makarantar boko ba ne, ba kuma irin wanda iyayenmu mata ke yi da ƙonannen ƙashi suna dangwala da yatsa wajen kaɗi ba. Dutse ne mai laushi da ake haƙowa a yanyanka shi sili-sili. Jan yana samun launinsa daga tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasa, ɗan'uwan koya ne da muka sani. Baƙin kuwa daga wani dutse mai gawayi-gawayi. Farin kuma ana ajiye shi don wuraren da haske ya faɗa, goshi da karan hanci da gwiwa, musamman in takardar shuɗiya ce ko toka-toka. Mai zanen yakan jera siraran layuka kusa da juna inda duhu yake, ya gitta wasu a kansu inda duhun ya tsananta, ya murje da yatsa inda yake son ya narke, har abin da yake shafaffe ya yi kamar ya kumburo daga takarda. Abin da ɗan ƙanena yake nufi ke nan.

Shi kuma Malam, da ya nemi inuwa da babban yatsansa, ba son zuciyarsa ya bi ba, mazhabarsa ya bi. Shaihu Ahmad Dardir, malamin Azhar da ya rasu a 1786, ya tattara zancen Malikawa a sharhinsa na Muhtasar, a babin walima, inda ake lissafa uzurorin da ke sauke wa mutum wajabcin amsa gayyata. Abin da ya haramta shi ne surar mai rai, mutum ko dabba, idan gaɓoɓinta sun cika kuma tana da jiki mai jefa inuwa, ko da da ɓawon kankana aka yi ta, kuma kallon irin wannan ma haramun ne. Wadda aka zana a bango ko a takarda, ba ta da inuwa, makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, in kuwa a abin da ake takawa take, kamar shimfiɗa, to barinta ya fi, iyakarta ke nan. Itace da jirgin ruwa da abin da ba shi da rai, halal ne. An kuma togace 'yar tsana ga 'yan mata, saboda abin da ya tabbata daga Nana A'isha. A bisa wannan ma'auni, sai abin mamaki ya fito: Bamalike ba shi da halin ya tsaya ya ƙare wa Teresar Bernini kallo a majami'arta, amma zanenta na alli, wanda ya kwashe kamanninta kaf ya bar nauyinta a Rum, hukuncinsa ya sauko daga haramci. Allin ya zare mata abu guda da fiƙihunmu ya rataya tsananin a kansa.

Ba na ɓoye cewa akwai masu tsanantawa, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, bai bambanta mai inuwa da marar inuwa ba, duk ya haramta, yana kafa hujja da labulen nan mai surori da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi a ɗakin Nana A'isha har ta yanka shi ta yi matasai, alhali labule ba shi da jiki. Masu sauƙaƙawa kuma suna da hadisin da ya togace zanen da ke jikin tufa, suna da abin da aka ruwaito daga Alƙasim ɗan Muhammadu, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin fuƙaha'u bakwai na Madina. Saɓani ne tsoho, fatawa kuma ta masu ita ce. Abin da ya dame ni shi ne illar hukuncin, wato dalilin da ya sa aka hana, kuma malamai sun ambaci biyu: gasa da halittar Allah, da buɗe ƙofar shirka.

A kan illa ta farko, dole in yarda cewa mutanen Barok sun kusanci bakin rami da gangan. An ba da labari cewa Bernini yana alfahari da ya mayar da dutse mai lanƙwasuwa kamar kakin zuma. Rubens kuwa, mai zanen nan na Antuwap, wanda ya zauna Italiya daga 1600 zuwa 1608 yana kwafar gumakan tsoffin Girkawa da Rumawa da baƙin alli, ya rubuta wa masu zane nasiha cewa su sha daga mutum-mutumi su ƙoshi, amma su kiyaye kada aikinsu ya yi warin dutse, sai dai ya zama tsoka da fata da jini. Wanda ya san hadisin da ke cewa za a umurci masu surori ranar alƙiyama su busa rai cikin abin da suka yi, ba kuwa za su iya ba, zai ji gabansa ya faɗi da wannan nasiha, domin kamar mutum ne yake neman ƙwace wa dutse mutuwarsa. Abin lura a nan, a gefe, shi ne mahaifin Rubens ɗin nan Bafurotesta ne da ya tsere daga Antuwap a 1568, bayan tarzomar farfasa surori, ɗansa kuma ya dawo ya cika majami'un garin da sababbi. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Duk da haka, da na sake ɗaukar littafin bayan yaron ya kwanta, na duba da fitila, sai na ga wani abu da ban gani da rana ba. Mai zanen nan bai zo gaban surar da buƙata ba, da tambaya ya zo. Yana son ya san ta wane ɓangare aka ɗora nauyin jiki, yaya aka huda dutsen har mayafi ya yi zurfi, ina masassaƙi ya goge ya yi santsi, ina ya bar sawun ƙarfensa. Yakan zaga ta baya ya zana abin da mai ibada ba ya gani, yakan ɗauki hannu kaɗai ko ƙafa kaɗai ya cika takarda da su, ya bar sauran. Wanda ya kwana uku yana wannan aiki, ba wanda ya kai shi sanin cewa abin nan dutse ne, kuma ɗan'adam ne ya yi shi da guduma, a kan lada, cikin wata kaza. Shi kuwa mai bauta, sharaɗin bautarsa shi ne ya manta da wannan. Hujjar da Annabi Ibrahim ya kafa wa mutanensa, kamar yadda ta zo a Suratus Saffat, ba ta wuce tuna musu cewa da hannunsu suka sassaƙa abin da suke durƙusa wa ba. A babbar majami'ar Bitrus ta Rum akwai mutum-mutuminsa na tagulla wanda yatsun ƙafarsa suka shafe saboda sumba da shafar maziyarta na ɗaruruwan shekaru. Takardun Bouchardon kuwa a akwati suke, ba a sumbatar su, ba a kunna musu kyandir, masu nazari ne kawai ke neman izinin ganinsu.

Wannan ne ya kai ni ga illa ta biyu, wadda a ganina ita ce uwa. Suratu Nuhu ta ambaci gumaka biyar, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, kuma Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa sunayen mutanen kirki ne, waɗanda bayan mutuwarsu aka kafa musu alamu a majalisunsu don tunawa, ba a kuwa bauta musu ba sai da waɗanda suka kafa suka ƙare, ilmi ya gushe. Duk asirin yana cikin wannan gaɓa ta ƙarshe. Abu biyu ne suka haɗu suka haifi gunki: ƙauna mai wuce iyaka, da mantuwar asali. Sura ita ce mazubin da ya fi saurin karɓar su, shi ya sa shari'a ta toshe kafarta, kuma ta yi daidai. Amma ba ita kaɗai ce mazubi ba.

Tarihinmu na gida shaida ne. Dutse da Birnin Kudu sun daɗe a ƙarƙashin Kano, kuma littafin Tarihin Kano ya gaya mana cewa a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, wato zamanin da Rubens ya zauna Italiya da allinsa, aka fari wani abu da ake kira Dirki. Ba shi da fuska, ba shi da hannu, ba masassaƙin da ya taɓa shi. Ƙunshi ne da aka naɗe da fata, ana yi masa yanka, ana ƙara masa fata a kan fata, sarki bayan sarki, har kusan shekara ɗari biyu. Da aka zo zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, fadawa suka nemi shanu arba'in don Dirki, ya hana, ya sa samari suka sassare shi da gatura. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Littafin da ya sauko don rushe gumaka, shi aka lulluɓe har aka manta da abin da ke ciki, aka mayar abin yi wa yanka. Shehu Usmanu ma, a Nurul Albabi, da ya zo lissafa masu gauraya Musulunci da kafirci a ƙasar Hausa, masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka ya ambata. Kakanninmu ba su buƙaci Bernini ba kafin su karkace, tsamiya da kan dutse sun ishe su.

Ga kuma ɗaya gefen, kudu da mu kaɗan, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. A Birnin Kudu, ƙarƙashin rumfunan duwatsun Habude da Mesa da Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan suka yi, yawanci da jan launi, dangin wanda ke cikin allin Turawan can. Shanun ba su da tozo, wasu da dogayen ƙahoni, wasu gajeru, alamar an zana su tun kafin irin shanun da muke gani yau a kasuwar Maigatari su cika ƙasa. Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ne ya bayyana su ga masana, ya gabatar da bayaninsu a taron da aka yi a Livingstone a 1955, tare da duwatsun nan masu ƙara kamar kuge in an buga su, waɗanda ya ce al'adar garin ta haɗa su da bikin amare. Zane-zanen nan sun ga shigowar Musulunci, sun ga jihadi, sun ga alƙalai da limamai da mahaddata iri-iri, suna nan daram. A ma'aunin Dardir ba su da inuwa. A ma'aunin Ibn Abbas kuwa, babu mai ƙaunar saniyar da ba ta da tozo har ya roƙe ta haihuwa. Ranar da na je, abin da na ga yana yi musu barazana shi ne sunayen samari da aka rubuta kusa da su da gawayi da allin makaranta, da ƙarar masu fasa dutse daga nesa.

Saboda haka hukuncina, in an yarda ɗalibi ya yi hukunci a zauren gidansa, shi ne littafin ɗan ƙanena ba shi ne abin tsoro ga imanin mutumin Dutse ba. Teresa baƙuwa ce gare shi, bai san ta ba balle ya ƙaunace ta. Abin da ya fi kama da ƙissar mutanen Nuhu yana rataye a shagunanmu da gilasan motocinmu da fuskokin wayoyinmu: hotunan mutanen da muke ƙauna da gaske, malamai da shehunai da sarakuna da jagororin siyasa, na kowane ɓangare ba tare da togiya ba, waɗanda ba su da inuwa ko kaɗan a ma'aunin babban yatsa, amma wani yakan ji in hoton na gaban mota hatsari ba zai same shi ba. Ba ina cewa a kekketa su ba ne, mu da muke shiga masallaci da Sardauna da Murtala a aljihu, a jikin naira ɗari biyu da naira ashirin. Cewa nake tsaron ya kamata ya koma inda ɓarawon yake shigowa.

Malam dai bai ce a ƙona littafin ba. Da zai tashi sallar magariba ya mayar wa yaron, ya ce kada ya rataya irin wannan a bango, kada ya bar shi a inda ake salla, in kuma zai nemi abinci da zane, to ya tuna shawarar da Ibn Abbas ya ba wani mai wannan sana'a, cewa ya karkata ga itatuwa da abin da ba shi da rai, ga zayyanar allo, ga zanen bangon fada, duk fili ne. Yaron ya ce ya ji, ya koma Zariya da littafinsa. Roƙona ga shugabannin makarantun Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Gwaram, na boko da na Islamiyya, shi ne kowace shekara su ɗebi yara su kai su Dutsen Habude, malamin tarihi da malamin tauhidi a mota ɗaya, a nuna musu shanun, a gaya musu cewa mutane ne suka zana, a gaya musu da abin da suka zana. Allin kuma a bar shi a aji.